Gargaɗin "Transaction not available" a rumbun Informix marar log: abin da ake gyarawa kafin a rufe wa saƙon baki

Aikin loda bayanai na dare ya gama da ƙarfe uku, ya zuba layuka miliyan biyu a wani tebur na Informix, manhajar rumbun bayanai, adadi ya cika, amma a kundin aikin ga saƙon gargaɗi: "Transaction not available", lamba -256. Idan ta JDBC aka shiga, wato hanyar da shirye-shiryen Java ke haɗuwa da rumbu, abin da ake gani shi ne "Transactions not supported", lamba -79744. Wasu manhajojin ETL, masu ɗebo bayanai daga tushe su gyara su loda a rumbu, a nan suke faɗuwa, wasu kuma su rubuta saƙon su wuce. Masu wucewar su ne suka fi haɗari, domin gobe ma haka za a gani, jibi ma haka, har ido ya saba. Bayan mako biyu sai wani ya gaji da ganin launin rawaya kowace safiya ya nemi hanyar ɓoye shi.

Ɓoye shi ba laifi ba ne, amma shi ne mataki na ƙarshe. Abin da saƙon yake faɗa shi ne: wannan aikin ya nemi a ba shi damar warware abin da ya rubuta idan ya gamu da matsala, rumbun kuwa ya ce ba shi da wannan damar. Ranar da aikin ya mutu a layi na 1,300,000, babu ROLLBACK da zai mayar da teburin yadda yake. Layukan da suka shiga sun shiga.

Daga ina saƙon yake fitowa

Tiranzakshin shi ne ɗaure ayyuka da yawa su zama dunƙule ɗaya, ko duka su tabbata ko babu wanda ya tabbata. Sabar ba za ta iya wannan ba sai tana rubuta kowane canji a log, domin daga nan take karanto yadda layi yake kafin a taɓa shi. A Informix ana zaɓar wannan ne a matakin rumbu, tun ranar ƙirƙira, kuma hanyoyin huɗu ne. `CREATE DATABASE kasuwa` haka kawai, ba tare da ƙarin komai ba, yana ba da rumbu marar log. `WITH LOG` yana sa a sauke log zuwa faifai a kowane COMMIT, wato umarnin tabbatar da tiranzakshin. `WITH BUFFERED LOG` yana tara shi a ƙwaƙwalwa sai ma'ajin ya cika. `WITH LOG MODE ANSI` kuma kullum cikin tiranzakshin kake, ko ka ce BEGIN WORK, umarnin buɗe tiranzakshin, ko ba ka ce ba.

A lura da na farkon: wanda ya manta bai rubuta komai ba, marar log ya samu. Haka `dbimport`, umarnin shigo da rumbu, yake: idan ba a ba shi `-l` ba, rumbun da zai gina marar log ne. Rumbuna da yawa ta wannan ƙofar suka zama marasa log. An ɗauko su daga tsohuwar na'ura, an shigo da su ba log don aikin ya yi sauri, da niyyar a kunna daga baya, sai ba a kunna ba. Shi ya sa kake ganin aikin da ke tafiya lafiya a rumbun gaske yana kuka a rumbun gwaji, alhali tsarin teburansu ɗaya ne.

Kada a yi hasashe, a tambayi sabar:

`SELECT name, is_logging, is_buff_log, is_ansi FROM sysmaster:sysdatabases;`

Inda `is_logging` ya nuna 0, nan ne matsalar. Daga ɓangaren manhaja kuma, `DatabaseMetaData.supportsTransactions()` a JDBC ko `SQLGetInfo` da `SQL_TXN_CAPABLE` a ODBC, wata hanyar haɗuwa da rumbu, suna ba da wannan amsar tun kafin a rubuta layi ko ɗaya.

Kusan kowace manhajar jigilar bayanai, da zarar ta haɗu da rumbu, abu na farko da take yi shi ne kashe tabbatarwa ta kai-tsaye, wato ta kira `setAutoCommit(false)` ko makamancinsa a ODBC, don ta riƙa yin COMMIT duk bayan layuka dubu ɗaya ko dubu biyu. Daga nan -79744 yake fitowa. Idan kuma wani ya rubuta BEGIN WORK a cikin SQL ɗin da ake gudanarwa kafin loda, -256 zai samu. Akwai ɗan'uwansu -255, "Not in transaction", wanda ke fitowa idan an yi COMMIT ba tare da an buɗe tiranzakshin ba. Umarnin `finderr` da lambar yana ba da cikakken bayanin kowanne.

Akwai wani saƙon da ke rikita mutane, ga shi kuma ba shi da illa ko kaɗan. Idan aka haɗu da rumbu mai log, Informix yana ɗaga tutar gargaɗi don sanarwa kawai: SQLSTATE 01I01, "Database has transactions". Haka 01I04 yake, yana cewa ne kawai sabar Informix aka samu. Wasu manhajoji suna kwashe duk wani SQLWarning su zuba a kundi da launin rawaya. Wannan albishir ne ya shigo da rigar gargaɗi, ana iya ɓoye shi nan take. Don haka a karanta lambar da kyau. Kalmar "transaction" tana cikin saƙonnin biyu, ma'anarsu kuwa hannun riga ce.

Abin da aka rasa ya wuce ROLLBACK

Mutane sukan ɗauka cewa ko babu tiranzakshin, aƙalla umarni guda ɗaya ko ya yi gaba ɗaya ko ya fasa gaba ɗaya. A rumbu marar log ba haka ba ne. UPDATE ɗin da zai taɓa layuka 50,000, idan ya ci karo da kulle ko wuri ya ƙare a layi na 31,000, layukan da ya riga ya canza sun canza, sauran suna nan yadda suke, kuma babu wata alama a teburin da za ta nuna inda ya tsaya. Haka `INSERT INTO ... SELECT`, haka DELETE.

Na biyu, karatu. Rumbu marar log Dirty Read kaɗai ya sani. Rahoton da aka buɗe lokacin da ake loda zai ga rabin bayanai, ya haɗa jimla, ya fitar da ita ba tare da wani ƙorafi ba. Idan aikinka karantawa yake daga irin wannan rumbun, ba rubutawa ba, to wannan ita ce damuwarka: kana ɗebo oda daga tebur ɗaya da kayan odar daga wani tebur, yayin da wata manhaja take tsakiyar rubuta su, sai ka tashi da kayan da ba su da oda ko odar da ba ta da kaya.

Na uku, faɗuwar sabar. Idan wuta ta ɗauke ko na'ura ta mutu, Informix yana komawa wurin checkpoint na ƙarshe, wato lokacin da ya sauke abin da ke ƙwaƙwalwa zuwa faifai, sannan ya bi log ya sake gina abin da aka tabbatar bayan nan. Rumbu marar log ba shi da abin da za a bi. Tazarar checkpoint ta asali, `CKPTINTVL`, daƙiƙa 300 ce. Ke nan aikin zai iya rubuta a kundinsa cewa ya gama lafiya, mintuna uku bayan haka sabar ta faɗi, ta tashi, a tarar layukan ƙarshe sun ɓace. Kundin ETL ya ce miliyan biyu, teburin ya ce ƙasa da haka, kuma dukansu gaskiya suka faɗa.

Sai kwafin ajiya da madubi. Maido da rumbu marar log yana tsayawa ne a lokacin da aka ɗauki kwafin ƙarshe, babu matsawa gaba zuwa wani minti da kake so. HDR da RSS da Enterprise Replication, hanyoyin kwafar bayanai zuwa wata sabar, duk log suke aikawa, don haka rumbun da ba ya rubuta log ba ya isa ɗaya sabar. Sannan ba a haɗa rumbu mai log da marar log a umarni ɗaya: -568 idan kana cikin mai log ka miƙa hannu zuwa marar log, -569 idan akasin haka ne. Wannan yakan kama wanda ya ware rumbu marar log don sauke bayanai na wucin gadi, yana tsammanin zai tura su rumbun gaske da `INSERT ... SELECT` guda ɗaya.

Hanya ta farko: a kunna log

Idan rumbun yana riƙe da bayanan da ake dogaro da su, kuɗi ko kaya ko albashi, wannan ce hanyar da ta dace, kuma babu dogon tunani a kai. Umarnin gajere ne. Da `ontape`, umarnin ɗaukar kwafin ajiya:

`ontape -s -L 0 -U kasuwa`

`-U` na log mai sauka a kowane COMMIT ne, `-B` na mai tarawa, `-N` na kashewa, `-A` na ANSI. Wanda ke aiki da ON-Bar, ɗayar manhajar kwafin ajiya, zai yi `ondblog unbuf kasuwa` sannan ya ɗauki kwafin mataki na 0, wato cikakken kwafi. Kwafin ba ado ba ne, shi ne tushen da log zai ɗora a kai. Ana kuma buƙatar kowa ya fita daga rumbun kafin a canza. A guji `-A` sai an tabbata ana so, domin rumbun da ya zama ANSI ba a mayar da shi baya da waɗannan umarnin.

Wahalar ba a umarnin take ba, a washegari take. Aikin da ya shekara biyar yana share layuka miliyan goma da DELETE guda ba tare da matsala ba, yanzu wannan DELETE ɗin tiranzakshin ne guda ɗaya mai cin log. Informix yana da iyaka biyu a fayil ɗin saitin sabar, onconfig, `LTXHWM` da `LTXEHWM`, waɗanda onconfig.std ya sa a kashi 70 da kashi 80. Idan tiranzakshin ya ratsa kashi 70 na dukkan log, sabar za ta kashe shi ta fara warwarewa, ka ga -458, "Long transaction aborted". Warwarewar ma tana rubuta log, shi ya sa a kashi 80 ake tsayar da sauran masu rubutu a bar mata fili. A wannan lokacin duk masu rubutu a sabar sun tsaya cik, har da waɗanda ba ruwansu da aikinka.

Lissafin mai sauƙi ne, kuma a yi shi kafin ranar. A ce `LOGFILES`, adadin fayilolin log, 20 ne, `LOGSIZE`, girman kowanne, kuma 50,000 KB, jimla 1,000,000 KB, kashi 70 ya zama 700,000 KB. Layuka miliyan biyu masu bait 300 kowanne sun kai kusan 600,000 KB, ba a sa kan kowane rikodin log ba, ba a sa rikodin kowane indeks ba. Tebur mai indeks uku ya riga ya tsallake iyakar. Ƙari a kan haka, ba abin da kai ka rubuta kaɗai ake ƙirgawa ba. Ana auna nisan da log ya yi ne tun daga inda tiranzakshin ɗinka ya fara, don haka rubutun wasu ma a kanka yake. Ƙaramin tiranzakshin da aka buɗe aka manta da shi tsawon awa uku zai iya zama dogo ba tare da ya rubuta wani abin kirki ba. `onstat -l` yana nuna cikar log, `onstat -x` yana nuna tiranzakshin da ke buɗe, `onparams -a` yana ƙara fayil ɗin log. Maganin asali dai shi ne COMMIT a kai a kai, kowane layi 5,000 ko 10,000, da amfani da TRUNCATE a maimakon DELETE inda teburin duka za a share.

Log ɗin da ya cika kuma sai an kwafe shi kafin a sake amfani da shi. Idan babu `ontape -c` mai gudana ko `ALARMPROGRAM` mai kwafewa, fayilolin za su cika ɗaya bayan ɗaya har sabar ta tsaya. Sa `LTAPEDEV` a `/dev/null` yana hana tsayawar, amma ya zubar da log ɗin, kenan ka samu ROLLBACK ka rasa maidowa zuwa wani lokaci. A sabar gwaji ba komai. A sabar gaske, an yi gudun gara ne an faɗa gidan zago.

Sai kulle. A rumbu mai log, kullen da tiranzakshin ya ɗauka yana riƙe da shi har COMMIT, na layi da na makullin indeks. Idan suka fi ƙarfin sabar sai kuskuren ISAM -134, wato kulle sun ƙare. Ga aikin dare wanda shi kaɗai ke taɓa teburin, `LOCK TABLE ... IN EXCLUSIVE MODE` a farkon tiranzakshin yana mayar da dubban kulle zuwa ɗaya. Masu karatu ma halinsu zai canza: matakin asali ya koma Committed Read, rahoton da bai taɓa jira ba yanzu zai fara samun -244 tare da ISAM -107, wato layin a kulle yake. `SET LOCK MODE TO WAIT 30` yana rage wannan, haka ma `COMMITTED READ LAST COMMITTED`, muddin teburin kullen layi yake amfani da shi ba na shafi ba.

Tsofaffin shirye-shiryen 4GL da ESQL/C su ne inda ake yawan tuntuɓe. A rumbu mai log, LOCK TABLE a wajen tiranzakshin yana ba da -255, haka buɗe cursor, abin da shiri ke bin layuka da shi ɗaya bayan ɗaya, mai FOR UPDATE. COMMIT yana rufe duk cursor da ba a ayyana shi WITH HOLD ba, sai madauki ya karanta dubun farko ya mutu. Akwai kuma wani ɗan ƙaramin tarko: maimaita makulli a ginshiƙi mai ƙa'idar unique yakan ba da -239 a rumbu marar log, a mai log kuma -268. Shirin da aka rubuta ya ce "in ka ga -239 ka yi UPDATE a maimakon INSERT" zai daina gane maimaici ranar da aka kunna log. A bincika lambar shirye-shiryen a nemi 239 kafin a canza komai.

Hanya ta biyu: a bar shi ba log, a gyara aikin

Wani lokaci rumbun ba naka ba ne, na wata tsohuwar manhaja ce da mai ita ya ce kada a taɓa. Wani lokaci kuma wurin sauke kaya ne kawai, ana iya sake cika shi daga tushe kowane dare, log ba zai ƙara masa komai ba sai nauyi. To a nan aikin da kansa ne zai ɗauki nauyin da sabar ta ajiye. Ma'aunin guda ɗaya ne: a kashe aikin a kowane wuri, a sake kunna shi, sakamako ya fito daidai da wanda bai taɓa mutuwa ba.

Kowane layi ya shiga da lambar zubi, ginshiƙi guda, a ce `lambar_zubi`, mai indeks a kansa. A buɗe ƙaramin tebur na kula mai riƙe da lambar zubi, sunan fayil ko tushe, adadin layukan tushe, adadin da aka rubuta, matsayi da lokaci. Tunda babu tiranzakshin da zai ɗaure teburan biyu, jerin rubutun shi ne komai. Da farko a rubuta matsayi FARA. Sannan a loda. Sannan a ƙirga daga teburin da kansa da `SELECT COUNT(*)`, ba daga abin da manhajar ETL ta ce ta aika ba, a haɗa da jimlar wani ginshiƙin kuɗi ko adadi. In sun dace da tushe, sai a rubuta KAMMALA, kuma shi ne rubutu na ƙarshe. Matakin farko na kowane gudu shi ne neman zubin da ya tsaya a FARA a share layukansa. Wannan sharewar ma za ta iya mutuwa a tsakiya, amma ba damuwa, sake ta ba ya ɓata komai. Masu karatu kuma a ba su view mai nuna layukan zubin da suka kai KAMMALA kaɗai, shi ke nan an toshe ƙofar rabin bayanai.

INSERT yana da sauƙin sharewa. UPDATE ne mai wuya, kuma mafi muni shi ne mai ƙari a kan abin da ke nan: `SET jimla = jimla + 500`. Idan ya mutu a tsakiya aka sake shi, rabin layukan sun karɓi 500 sau biyu, babu kuma hanyar gane su. Irin wannan ba shi da wurin zama a rumbu marar log. A lissafa sabuwar jimlar a wani teburin gefe, sannan a rubuta ta kai-tsaye, `SET jimla = 12500`, wanda ko sau goma aka yi amsa ɗaya ce. MERGE, da ke nan tun jerin 11.50, yana taimakawa a kan haka idan akwai makulli na asali da za a gwada da shi. A kula da ginshiƙin SERIAL, mai ba kowane layi lamba da kansa: layin da aka share aka sake zubawa sabuwar lamba zai samu, don haka teburin da ke jingine da waccan lambar sai a share nasa layukan tare.

Wasu sun fi son loda sabon tebur gaba ɗaya sannan a musanya suna da RENAME TABLE. Dabara ce mai kyau ga ƙananan tebura, amma tana da ƙaya. Musanyar umarni biyu ce, tsakaninsu akwai ɗan lokacin da sunan ba ya nan. View ɗin da ke kan tsohon teburin yana bin sa zuwa sabon sunansa, ba ya tsayawa a kan tsohon sunan ya karɓi sabon tebur. Izinin GRANT sai an sake bayarwa. Shirye-shiryen da suka riga suka shirya umarninsu za su ga -710, mai nuna cewa teburin ya canza. Duk ana iya magance su, amma a rubuta su cikin aikin, kada a bar su ga ƙwaƙwalwar wanda ke bakin aiki da dare.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba shi ne girman ƙunshi. Manhaja tana aika layuka dubu a tafi ɗaya, na 637 ya ƙi shiga. A rumbu mai log duka dubun za a warware a tura su layin waɗanda aka ƙi. A marar log, 636 sun riga sun zauna, amma manhajar za ta iya rubuta duka dubun a fayil ɗin waɗanda aka ƙi, tunda ita a tunaninta an warware. Da safe a gyara layi ɗaya, a sake loda fayil ɗin, a samu maimaici 636. A JDBC, `BatchUpdateException.getUpdateCounts()` ne ke faɗin waɗanda suka shiga. Inda ake dogaro da fayil ɗin waɗanda aka ƙi, ko dai a mayar da girman ƙunshi 1 a haƙura da jinkirin, ko a sa indeks na unique da zai tare maimaicin.

Tsaka-tsaki, wanda sau da yawa shi ya fi

Idan saurin loda ne kaɗai dalilin kashe log, ba sai an kashe wa rumbu duka ba. A rumbu mai log ana iya yin `CREATE RAW TABLE`, ko `ALTER TABLE sauke TYPE (RAW)`, a zuba bayanai ba log a wannan teburin kaɗai, a tace, sannan a tura su teburin gaske cikin tiranzakshin na ƙwarai. Rumbu ɗaya ne, don haka babu -568, BEGIN WORK yana aiki, gargaɗin ya tafi da kansa. Sai dai teburin RAW ba ya karɓar primary key ko ƙa'idar unique, ROLLBACK ba ya warware abin da aka rubuta a cikinsa, kuma bayanansa ba sa isa sabar HDR. Idan an mayar da shi `TYPE (STANDARD)` don ya zama na dindindin, a ɗauki kwafin mataki na 0. Ga teburan wucin gadi kuwa `CREATE TEMP TABLE ... WITH NO LOG` ya wadatar.

Yanzu a rufe wa saƙon baki

Hanyar da ta fi tsabta ita ce a hana manhajar neman abin da babu. A kunna tabbatarwa ta kai-tsaye a saitin haɗi, a cire BEGIN WORK da COMMIT WORK daga SQL na kafin loda da na bayansa, kada kuma a zaɓi matakin keɓewa. A Spark, `isolationLevel` a sa shi `NONE`. A shirin Java mai amfani da Spring, `@Transactional` a kan irin wannan haɗin shi ne ke kiran `setAutoCommit(false)`, a cire shi daga nan. Idan aiki ɗaya ne ke gudana a rumbu mai log a wani wuri da marar log a wani, a tambayi `sysdatabases` a farko a zaɓi reshe, a kuma rubuta amsar a kundin aikin don wanda zai bincika daga baya ya san a wane hali aka gudu.

A DataStage, shirin ETL wanda ya taɓa zama ƙarƙashin rufi ɗaya da Informix kafin IBM ta sayi sashen rumbun a 2001 ta kuma sayi Ascential a 2005, ana iya amfani da message handler a mayar da gargaɗi ya zama sanarwa. A yi shi a matakin wannan aikin kaɗai, ba na project duka ba, domin lambar saƙo ɗaya takan ɗauki gargaɗin direba iri-iri, ka rufe ɗaya ka rufe goma. Abin da bai kamata ba shi ne cire iyakar gargaɗi gaba ɗaya. Iyakar asali 50 ce, kuma ita ce ke tsayar da aikin da ya fara yanke bayanai ko zubar da layuka. Haka nan canza sequence, wato jerin ayyukan, ya karɓi matsayi 2, wato gamawa da gargaɗi, tamkar matsayi 1, yana buɗe ƙofa ga duk wani gargaɗin da zai zo nan gaba.

Sauran rumbuna, a gurguje

Kalmar "marar log" ba abu ɗaya take nufi a ko'ina ba. A MySQL matsalar a matakin tebur take. InnoDB ya zama na asali tun 5.5, amma tsofaffin teburan MyISAM suna nan, kuma ba sa ƙin START TRANSACTION, shiru suke yi. Sai an yi ROLLBACK sannan gargaɗi 1196 ya fito yana cewa wasu teburan ba su warwaru ba, manhajar da ba ta duba `SHOW WARNINGS` kuwa ba za ta taɓa sani ba. Ginshiƙin `engine` a `information_schema.tables` yana tona su. Ga kuma wani: da `STRICT_TRANS_TABLES`, mummunar ƙima a layi na biyu ko na gaba cikin INSERT mai layuka da yawa ba ta tsayar da teburin MyISAM, gyara ta ake yi zuwa mafi kusa a ba da gargaɗi kawai.

Teburin UNLOGGED na PostgreSQL, da ya zo a 9.1, yana yin ROLLBACK lafiya lau. Nasa aibin daban ne: bayan faɗuwar sabar ana share shi tas, kuma ba ya zuwa standby, wato sabar madubi. NOLOGGING na Oracle ma bai hana tiranzakshin ba, illarsa sai ranar maidowa, inda ORA-01578 da ORA-26040 ke bayyana a kan tubalan da aka loda ba redo, shi ya sa masu Data Guard ke kunna FORCE LOGGING. Db2 ya fi su zafi: tebur mai NOT LOGGED INITIALLY, idan tiranzakshin ɗin ya gamu da kuskure, ana rufe shi da SQL1477N, sai dai a jefar a sake ginawa.

Komawa Informix, gwajin da ke nuna ko gyaran ya yi shi ne kisa da gangan. A sabar gwaji mai irin yanayin log na sabar gaske, a kunna aikin, a nemo lambar zamansa da `onstat -g ses`, a kashe shi da `onmode -z` da lambar. A yi haka sau uku: yana tsakiyar loda, bayan ya gama loda kafin ya rubuta KAMMALA, da kuma yana tsakiyar share zubin da ya gabata. Bayan kowanne a sake kunna shi ba tare da an taɓa komai da hannu ba, a gwada adadin layuka da jimlar ginshiƙin kuɗi da na tushe. Sannan a yi na huɗu, na faɗuwar sabar, amma sauke ta da `onmode -ky` bai isa ba, domin shi yana yin checkpoint kafin ya sauka. A kashe na'urar gwajin kanta minti ɗaya bayan aikin ya ce ya gama, a tashe ta, a gudanar da `oncheck -cI` a kan teburin, a sake ƙirgawa. Idan teburin kula ya ce KAMMALA amma layuka sun gaza, a ƙara `onmode -c` a cikin aikin, tsakanin gama loda da rubuta KAMMALA, don a tilasta checkpoint kafin a ce an gama.